Maikuɗi da Ƙululun Basira

Duk wanda ya taɓa kai hula wanki a kasuwar Gwarzo ya san Maikuɗi. In ma bai san shi ba to ya ji muryarsa, don tun daga bakin tasha ake jiyo ta. Mutumin Mainika ne. Kullum da safe yake shigowa a kan wani babur mai tari, ya buɗe rumfa, ya jera gumaguman katakon da ake kifa hula a kai ta bushe. Rumfata ta ɗinki tana kallon tasa, saboda haka abin da zan gaya muku ba a bakin wani na tsinta ba.

Wanki kam ya iya, ba a ƙwace masa. Bakinsa ne matsalar. Ba a taɓa kawo zancen da Maikuɗi bai riga kowa saninsa ba. Shi ne ya yi kiwon tarwaɗa a cikin mataccen firij, ya rufe murfin don kada su ji sanyi, washegari duk layinmu muka yini da hannu a hanci. Shi ne kuma ya ƙera injin ƙyanƙyasa da kwali da fitilar ƙwai, ya karɓi ƙwan zabin Hajiya Sabuwa, ya mayar mata da su a dafe.

Abin alfaharinsa hularsa ce, lamba ashirin da huɗu, wadda ke sauko masa har kan kunne. Yakan ce duk ƙasar Gwarzo babu ƙoƙon kai mai faɗin nasa, kuma ba iska ce a ciki ba. Ba wanda ya taɓa ganin kan nan a buɗe. Alwala bayan labulen rumfa yake yinta, aski kuma a gida, da hannunsa.

Abu ɗaya ne ke sa muryar Maikuɗi ta yi ƙasa, shi ne Uwaliya mai waina, bazawarar da ke suya a gindin darbejiyar layinmu. Son ta yake, so na gaske, har tausayi yake ba ni. Ya yi mata maganar aure ya fi a ƙirga. Ranar da ya matsa, sai ta aje cokalin juyi ta dube shi.

“Maikuɗi, ni ba ƙin ka nake ba. Ka nuna mini abu guda da ka fara ka kai shi ƙarshe. Ranar ka turo magabatanka.”

Tun daga nan bawan Allah yake neman abin da zai gama.

Wata la’asar, kasuwa ta yi sanyi, yana goge hula yana jin ’yar rediyonsa, sai aka sako shiri a kan tarihin ilimin ƙwaƙwalwa. Mai shirin ya ce mutanen dā da yawa sun ɗauka a zuciya tunani yake, har wani babban masaninsu ya ce aikin ƙwaƙwalwa kawai ta sanyaya jini. Daga baya wasu suka ce a’a, ɗakuna ne a cikin kai, na gaba ya karɓi abin da ido da kunne suka kawo, na tsakiya ya auna, na baya ya adana. Sannan aka zo kan wani likita Bajamushe na shekara ɗari biyu da wani abu da suka wuce, wanda ya ce kowane hali da mazauninsa a ƙwaƙwalwa, kuma in hali ya yi ƙarfi yakan turo ƙashi waje, har mai shafa kai ya ji tudun da yatsa. Mai shirin ya ja numfashi ya ce, “Sai dai fa…” Nan batir ya mutu.

Maikuɗi ko girgiza rediyon bai yi ba. Miƙewa ya yi ya tsallako rumfata, ido ya fito, ya ce ashe tun tuni ilimin nan yana hannunsa bai sani ba. Wa ya kai mai wankin hula sanin kan mutane? Bajamushen nan, in ji shi, ya riga shi ne kawai don an riga haihuwarsa.

Washegari ya zo da fenti ya yanka ɗaya daga cikin gumaguman gida-gida. Tunda rediyo ba ta faɗi mazaunin kowane hali ba, sai ya raba da kansa. Basira ya ba ta ƙeya, wai abu mai daraja a ƙuryar ɗaki ake ajiye shi. Rowa ya sa ta bayan kunne, wai shi ya sa marowaci ba ya jin roƙo. Jarumta ta samu goshi. Na tambaye shi ina mazaunin cika baki, ya ce fenti ya ƙare.

Malam Badaruddeen, malamin kimiyya a sakandare, ɗan garinsu, ya zo karɓar hularsa ya tarar da gungume ya sha ado. Da aka yi masa bayani sai ya yi murmushi ya ce shi ma ya ji shirin, kuma har ƙarshe. Ya fara cewa ai daga baya wasu likitoci sun gwada maganar a kan tsuntsaye. Maikuɗi ya ɗaga masa hannu, ya ce shi da mutane yake aiki, mai son tsuntsaye ya nufi layin ’yan kaji. Malam ya biya kuɗin wanki ya tafi yana kaɗa kai.

Ga yadda karatun kan yake. Mutum zai zauna a kan benci ya cire hula. Maikuɗi zai ɗaure idonsa da baƙin ƙyalle tamau, wai ido yana ruɗar yatsa, sannan ya shiga lalube yana gyaɗa kai yana gyaran murya.

Ya’u mahauci aka fara kamawa. Maikuɗi ya taɓo wani ƙululu a bayan kunnensa, ya sanar a gaban jama’a cewa rowar da ke kan nan ta ishi unguwa guda. Ya’u ya zabura ya rantse saniya ce ta make shi a wurin. To amma kowa ya san Ya’u, mutumin da ke auna tsoka kamar zinariya yake sayarwa. Kasuwa ta ɗauka gaba ɗaya, aka ce wallahi aikin nan gaskiya ne. Don ya ƙaryata, Ya’u ya yini yana zuba wa masu sayen nama gyara yana huci, mu kuwa muka ci nama muka sa wa Bajamushe albarka.

Sai Muhammad Nur mai faci, wanda rina ta harba a goshi da safen. Maikuɗi ya shafa ya ja da baya, ya ce bai taɓa taɓa jarumta irin wannan ba. Muhammad Nur, da ko ƙadangare ba ya so ya gifta masa, ya tashi yana buɗe kafaɗa. Allah da ikonsa, ranar wani bijimi ya tsinke daga kara ya shigo layinmu. Kowa ya watse, sai Muhammad Nur, jarumin da Maikuɗi ya gano, ya tsaya a tsakiyar hanya ya riƙe ƙugu. Daga cikin kwata aka zaro shi, takalmi ɗaya. Da aka zo wa Maikuɗi da ƙorafi, cewa ya yi ba laifin ilimi ba ne, bijimin ne ya fi shi goshi.

Ana cikin haka lokacin kacici-kacici ya matso. Duk shekara kafin faɗuwar damina ƙungiyar matasan Mainika da ta Masanawa ta ƙasar Kabo sukan kara, mutum uku-uku, kuma an jima Mainika ba ta ɗanɗana nasara ba. Malam Badaruddeen ke shirya ’yan wasan, ana kuma ta gunaguni a kansa. Maikuɗi ya je taron ƙungiya da gungumensa a hammata, ya ce kuskuren Malam shi ne yana ɗura karatu a kan da ba shi da wurin zubawa. A ba shi zaɓen ’yan wasa, in bai kawo kofi ba a canza masa suna. Rabin matasan sun gaji da shan kaye, rabi kuma nishaɗi suke so, aka ɗaga hannu aka ba shi.

Daga wurin taron gindin darbejiya ya zarce. Ya gaya wa Uwaliya ta fara shiri, ga abin da zai fara ya gama. Ta ce Allah ya nuna mana, ta ƙara masa waina biyu.

Sai ya kafa doka: duk mai son shiga gasar sai ya fara zuwa an aske shi ƙwal, don gashi yana tare ilimi. Wanzamin da ke kusa kuwa Dabo ne, a bayan rumfarsa. Shi Dabo yana da wata ɗabi’a. Ba ya aske kai ya bar shi ya tafi haka nan. Sai ya danna ƙeyar mutum ya yi tsaki ya ce mataccen jini ya taru, ga zafin bazara, in ba a cire ba ciwon kai na tafe. Kafin ka ce me ya kafa maka ƙaho ya zuƙe. In ya cire, wurin yakan kumbura ya yi tudu zagayayye, ya ɗan kwana kafin ya saɓe.

Wanda ya fara fitowa daga hannun Dabo shi ne Hambali mai turin baro, shi ma ɗan Mainika. Ƙato ne, mai kirki, ba ya faɗa da kowa, amma in ka aike shi sayen gishiri sai ya kai bakin shago ya dawo ya tambaye ka me ka ce. Shi ba ma gasar ta kawo shi ba, layi ya gani ya bi. Ya zauna a benci, Maikuɗi ya ɗaure ido, ya kai hannu ƙeya. Sai muka ga yatsunsa sun tsaya cak.

“Wane ne wannan?” ya tambaya.

Aka ce Hambali ne.

“To ku ji tsoron Allah. Shekara da shekaru kun bar farfesa yana tura muku baro.”

Mu duk muna kallon shatin ƙahon, da ’yan tsagar aska a tsakiya, jini ma bai gama bushewa ba. Mai ido a ɗaure ne kaɗai bai gani ba. Na buɗe baki zan yi magana, Ya’u mahauci ya taka mini ƙafa, ya ce in na ɓata masa wannan kallo ba ni ba gyara har abada.

Kafin azahar labari ya zaga cewa basira tana wurin Dabo. Layin rumfarsa ya kai bakin masallaci. Masu wayo suka ce a yi musu ba tsaga, zuƙa kawai, don tudun ya fi tashi. Wani ya ce a kafa masa biyu, yana da jarrabawa a gaba. Wani tsoho ya zo da rigima, wai a sa wa surukinsa a bayan kunne don duniya ta shaida. Ƙahonin Dabo suka kasa, ya aika Kabo aka aro masa na ƙaninsa. Maikuɗi kuwa yana ta shafa yana salati, yana cewa bai san haka Allah ya yi wa Mainika arzikin ƙwaƙwalwa ba, lallai ruwan rijiyarsu ne.

Ɗaliban Malam Badaruddeen uku, da suka ƙi zuwa wurin Dabo, aka shafa aka ce kansu sumul yake kamar ƙwarya, su je su nemi sana’a. Malam ya sake gwadawa, ya ce don Allah a bar shi ya ƙarasa labarin Bajamushen nan. Maikuɗi ya ce ya lura hassada ma tana da mazauni, zai nemo fenti. Aka tsayar da Hambali shugaba, da wasu biyu masu bi masa a tudu. Horo kuwa babu, wai mai irin wannan ƙeya karatu raini ne a gare shi. Abin da aka sa su kawai shi ne su riƙa kwana rub da ciki kada su danne basirar.

Ranar gasa muka ɗunguma Masanawa, mota biyu da babura. An kafa rumfa a filin makaranta, an kawo lasifika, mata da maza an cika. Uwaliya ta zo da tandarta ta kafa a gefe. Dabo ma ya biyo mu da zabirarsa a kafaɗa, wai ko za a samu ciniki. Maikuɗi ya sha babbar riga, hula lamba ashirin da huɗu ta sha sitaci, ya aje gungume a kan tebur yana ɗaga wa mutane hannu.

Alƙalin gasa wani dattijo ne mai suna Mijinyawa, tsohon hedimasta, mai magana a hankali. Ya tambayi na hannun daman Hambali sunan babban birnin jihar Jigawa, shi kuma ya ce a ba shi zaɓi. Ya tambayi na hagun, ya ce shi bai taɓa zuwa ba, ba zai yi shaidar zur ba. Masanawa suna ta kwashe maki. Maikuɗi yana ta yi wa mutanenmu alama su kwantar da hankali, farfesa bai buɗe baki ba tukuna.

Aka zo kan Hambali. Mijinyawa ya ce wace aba ce ke tura jini ya zaga jikin mutum. Hambali ya yi murmushi, don karon farko a rayuwarsa an tambaye shi abin da ya gani da idonsa. Ya ja lasifika ya ce, “Ƙaho.”

Filin ya ɗauki dariya. Mijinyawa ya jira ta lafa, ya cire tabarau, ya ce shi dai yana da tambaya wadda ba ta cikin gasa: ta wace hanya Mainika ta zaɓo waɗannan bayin Allah? Abin da Maikuɗi ke jira ke nan. Ya fito tsakiya da gungume, ya yi bayanin Bajamushe da gidajen hali, ya ce tambayoyin ne suka yi wa yaransa ƙanƙanta. Ya ce yanzu zai nuna musu abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar Kabo. Ya ɗaure ido, ya cire wa Hambali hula, ya kai hannu ƙeya.

Ya shafa. Ya sake shafawa. Ya zaga ta hagu, ya dawo ta dama, ya gangara har wuya. Ƙeya sumul, sai ɗan gashi da ya fara tsirowa.

Ya ce a kawo masa Hambali na gaskiya. Aka ce shi ne. Ya ce to ramukan hanya ne suka girgiza basirar ta gangara ciki, a ba shi lokaci ta taso. Hambali, da ya ga ubangidansa cikin damuwa, tausayi ya kama shi, ya manta lasifika na gabansa.

“Kada ka damu, Malam Maikuɗi, saɓewa ta yi. Dama Dabo ya ce ba ta daɗewa. Ga shi can da zabirarsa, bari ya sake kafa mini.”

Na ga mutane suna faɗuwa daga kan benci. Dabo ya ɗaga ƙaho sama yana gaida jama’a kamar ɗan takara. Maikuɗi ya fizge ƙyallen idonsa, ya dubi Dabo, ya dubi ƙeyar sauran biyun, inda shatin zagayen yake nan raɗau. Da mai kunya ne, da nan ya tsaya. Maikuɗi kuwa sai ya ɗaga murya ya ce to an yi wa ilimi zamba, amma tudu reshe ne, asalin magana faɗin ƙoƙon kai ne, kuma duk filin nan wa ke sa lamba ashirin da huɗu in ba shi ba?

Mijinyawa ya ce abu mai sauƙi, ai ga tela. Ya nuna ni, da tef ɗina a wuya. Maikuɗi ya ce ba a auna kan malami a gaban ɗalibai. Ya fara ja da baya, hannu biyu a kan hula. Hambali kuwa har yanzu taimako yake son yi. Ya ce bari a sa wa Malam Maikuɗi ma ƙaho ko ɗaya ne mu farfaɗo, ya miƙa dogon hannun nan nasa ya ɗage hular kamar murfin tukunya.

Tsummoki suka zubo. Tsohuwar safa, guntun rawani, yankin atamfa da na gane daga rumfata ya fito. A ƙarƙashinsu ga ɗan kai ƙarami, mai sheƙi, ko lamba ashirin bai cika ba. Wani farin ƙyalle mai ratsin shuɗi ya faɗi a gaban tanda. Uwaliya ta sunkuya ta ɗauka ta karkaɗe. Ƙyallen da take rufe kwanon waina ne, wanda ya ɓace mata tun bara, ta yi ta zargin almajiran tela, wato yarana. Shi kaɗai ne a wanke, a goge, a ninke.

Ba ta yi dariya ba. Ta dube shi, ta soke ƙyallen a ƙugu, ta koma kan suyarta. Wannan ya fi dariyar filin duka yi masa ciwo. Ya bar hular a ƙasa, ya ja babbar riga ya lulluɓe kai, ya hau babur. Babur ɗin ma sai da aka tura.

Rumfarsa ta jima a rufe. Malam Badaruddeen ya bi shi har gida, ya same shi a zaure da tawul a kai, ya ce yau kam sai ya ji abin da ke bayan “sai dai fa”. Ya gaya masa an gwada an ga tudun ƙashi ba ya bin abin da ke ciki, kuma faɗin kai ba ya auna basira. Amma Bajamushen bai faɗi duka ba, don daga baya an samu marasa lafiya da magana ta ɗauke musu, aka duba aka ga wuri guda ne ya lalace a ɓangaren hagu. Wato ayyuka suna da mazauni, sai dai ba a lalubo su da yatsa. Maikuɗi ya saurara har ƙarshe, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya tambaya ko Bajamushen ya samu ya yi aure bayan abin ya watse. Malam ya ce wannan ba a faɗa a rediyo ba.

Ana nan sai Uwaliya ta zo rumfata ta ce in nemo mata hula lamba ashirin, mai kyau, in kai masa da saƙo. Ranar kasuwa ya sa ta, ya taho a ƙafa tun daga bakin tasha har gindin darbejiya, ta tsakiyar layi, ba lungu, ba sauri. Na kai. Ya juya hular a hannu ya ce wannan ai ta yara ce. Na ce to in mayar? Ya riƙe.

Ranar kasuwa da hantsi sai ga shi. Wallahi da ƙyar na gane shi, kunnuwa sun fito fili suna shan iska. Ya’u ya fara tafi da bayan wuƙa a kan teburinsa. Muhammad Nur ya bi shi yana buga gwangwani. Dabo ya leƙo ya ce akwai ragi ga tsofaffin abokan ciniki. Gumi yana keto masa, sau biyu na ga ya saci kallon lungu. Bai shiga ba. Bai kuma ce uffan ba, Maikuɗi guda, tun daga tasha har darbejiya.

Ya tsaya a gaban tanda. Uwaliya ta gama juya wainar da ke wuta, ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa.

“To, ka gama ɗaya. Ka turo su.”

Idonsa ya kawo ruwa. Ta zuba masa waina a kwano, ta rufe da farin ƙyallen nan mai ratsin shuɗi, ta ce wannan karon aro ne, ya dawo da shi.

Ya karɓa ya tsallako rumfata ya zauna, ya ci uku. A ta huɗu ya matso kusa da ni, ya rage murya, ya ce ya daɗe yana nazari, ƙaramin kai ya fi riƙe basira, don ba ta samun wurin yawo. Daga gindin darbejiya Uwaliya ta kira sunansa sau ɗaya, ba ta ko ɗago ba. Ya cusa sauran wainar a baki.